Bashin Jirgin Alton

"Kun ga katin da ta rataya jiya?"

"Da idona na gani. Fari fat, irin na 'yan koyo."

"Kai, haba! Odessa?"

"Ita fa. Da tsakar rana aka fito da ita daga cikin jirgi, ko safar hannu ba ta cire ba."

"To giya ce ko caca?"

"Wace giya? Matar da ko ranar bikin 'yarta lemo ta sha?"

"To saurayi ta yi a waya, wani ɗan ƙasar waje. Ta haka ake kama su yanzu."

"Allah ya shirye ka. Wane ɗan ƙasar waje ne zai iya da bakin nan nata? Ai da ƙafarsa zai je ya miƙa kansa ga hukuma."

"Ku yi shiru, ga ta can."

Bas ɗinmu ta tsaya a filin coci inda Odessa ta saba jiranmu, gari bai gama wayewa ba. Odessa Gatling ta shigo da kwanon abincinta da gorar kofi, ta zauna a kujerarta ta bayan direba. Sai da muka hau babban titi ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Ku ci gaba mana. Tun daga nesa na hango bakunanku suna motsi."

Ni a kantin cin abinci na yadi, wato filin ƙera jiragen ruwa, nake girki, kuma shekara da shekaru a bayanta nake zama. Bas ce ƙarama, ta Cleophus Boone, wanda shi ma lanƙwasa bututu yake a yadin. Kullum yana kwaso mu daga ƙauyukan gyaɗa na Carolina ta Arewa ya tsallaka da mu Virginia, inda ake ƙera wa gwamnati jiragen yaƙi, da yamma ya maido mu. Wanda ya yi irin wannan zama da mutum ya san shi fiye da danginsa.

A gonar gyaɗa aka haifi Odessa. Mahaifinta ma a yadin ya tsufa, yana ɗaure kaya wa injin ɗaga nauyi, kuma shi ya cusa mata aƙidar da ta zame mata jiki: abin da ba ka da kuɗinsa, ba naka ba ne. Ta fara aiki a masana'antar fiɗar kaji, sanyi ya cinye mata yatsu, ta ce gara wuta. Ta koyi walda a lokacin da matan da ke yi ba su taka kara sun karya ba, ta shanye ba'ar maza har suka gaji suka koma neman ta duba musu aiki. Hannayenta duk tabon tartsatsi ne. Mota ba ta taɓa saya sai hannu da hannu. Katin cin bashi da bankuna ke turo mata ta gidan waya kuwa, da almakashin yankan ƙarfe take datse shi a gabanmu, tana cewa, "Wannan ma ya huta."

Aikinta a cikin cikin jirgi mai nutso yake, wurin da mutum ke shiga da rarrafe. Ba a taɓa wannan jirgi sai da izinin tsaro, wato sai gwamnati ta tona rayuwarka ta gamsu cewa ba za ka sayar da sirrinta ba. Mu izini kawai muke ce masa. Mai izini katinsa da launi, albashinsa da kauri. Duk bayan wasu shekaru kuma sai a sake tonawa.

Mijinta Alton motar gungume yake ja. Mutum ne mai sanyi, in tana faɗa shi dariya yake yana ɓare gyaɗa. Wata rana a tsakiyar dajin da ake sare itace ya dafe ƙirji ya faɗi. Abokan aikinsa suka kira agaji, masu agajin suka ga ba zai kai asibiti a mota da rai ba, suka kira jirgi mai saukar ungulu. An tsaga ƙirjinsa a ranar, ya rayu. Sai dai bai sake hawa mota ba, kuma daga nan rayuwarsa ta rataya a kan ƙwayoyi da ganin likita, waɗanda inshorar aikin Odessa ke biya.

Inshorar ta biya asibiti, ta biya likita. Da aka zo kan jirgi sai ta ce wannan kamfanin ba ya cikin waɗanda ta yi yarjejeniya da su. Ta ba da ɗan abin da ta ga dama, saura dala dubu arba'in da 'yan kai aka turo wa Odessa.

Ranar da ta kira masu inshorar, a cikin bas ta kira, don kowa ya ji da kunnensa.

"Ki sake faɗa in ji. Ba ya cikin naku? To yana kwance a ƙasa idonsa ya juye, sai ya ɗaga kai ya ce wa matuƙin, tsaya tukuna bawan Allah, kai na wace inshora ne? Haka kike nufi? A'a, kar ki ce mini kin fahimta. Ba ki fahimci komai ba, karantawa kike. Ina jin ƙarar takardar. Duk wata kuna cire kuɗinku daga albashina kafin in gan shi, ban taɓa ce muku ba ku cikin nawa ba!"

Aka haɗa ta da wani, wanin ya haɗa ta da kiɗa, kiɗan ya katse.

To a bas ɗin Cleophus ba a barin magana ta kwana. Can ake raba aure a gyara, can ake yanke wa 'yan siyasa hukunci, can ake gaya maka maganin ciwon baya. Shi ya sa muke ce masa Alƙali, kuma yana amsawa. Ya leƙo ta madubi ya ce, "Dessa, kwantar da hankalinki. Ki jefa takardar bashin a shara."

"In jefa? In ya taɓa mini izini fa?"

"Bashin asibiti ba a lissafa shi. Kowa ya san wannan. Bashin caca suke nema, da na mota, da wanda ya ƙi biyan haraji. Ciwo ai ba kai ka kira shi ba."

"Gaskiyar Alƙali," in ji na baya. "Surukina ma haka aka yi."

Ta ce, "Ko dai in hau bene in gaya musu, in huta?"

Bas ta ɗauki ihu. A benen ne ofishin tsaro yake, kuma a yadinmu akwai dokar da ba a rubuta ba amma ta fi rubutacciya ƙarfi: ba a hawa bene da ƙafar kai, sai an kira. Wanda aka gani a kan matakalar nan ba kira, to ko gulmar wani ya kai, ko ya haƙa wa kansa rami. Daga ranar ba mai ci tare da shi.

"Ki hau ki ce me?" in ji Cleophus. "Ina kwana, ga wuyana na kawo? Mahaifinki ya yi shekara nawa a yadin nan, kin taɓa jin ya hau?"

Wannan ce ta sa ta fasa. Daga nan duk ambulan da ta zo, a durom ɗin ƙona shara ta bayan gida take ƙarewa. Kamfanin jirgin ya gaji ya sayar da bashin ga masu karɓar bashi, su kuma suka dinga kira. In ta ɗauka takan ce, "Gidan Gatling ne, ba mu ci bashin kowa ba," ta kashe.

Ana nan lokacin sake bincikenta ya zo. A cikin tambayoyin akwai wadda ke cewa, shin an taɓa miƙa wani bashinka ga masu karɓa? Ta amsa a'a, zuciyarta wasai.

Bayan wasu watanni aka kira ta bene. Abin da ya faru a can daga bakinta muka ji, kuma ta maimaita shi har na haddace muryoyin. Mai binciken wani Mista Lindqvist ne, mai taushin murya, ya ma tsiyaya mata ruwa.

"Madam Gatling, kin amsa cewa ba a binki bashi."

"Ba a bina."

"Ga rahoton da ke nuna ana binki."

"Wannan ba bashi ba ne, fashi ne. Kuma na asibiti ne, ba a lissafa shi."

"Wa ya ce miki ba a lissafawa?"

"Kowa ya sani."

"Tambayar ba ta ware na asibiti ba, Madam. Da kin rubuta shi, kin nuna mana kina jayayya da su a rubuce, ko kina biya ko da kaɗan-kaɗan ne, da abin ya zo da sauƙi ƙwarai. Mun san ciwo ba zaɓi ba ne. Amma yanzu abu biyu ne a gabana: bashin da aka yi watsi da shi, da amsar da ba daidai ba. Na biyun ya fi nauyi."

"Wato ni maƙaryaciya ce."

"Ban ce haka ba. Abin da ake dubawa shi ne, wanda bashi ya shaƙe, wani na iya zuwa masa da kuɗi. Wanda kuma yake ɓoye abu, ana iya riƙe shi da abin da ya ɓoye."

Ta ce a nan ne ta ɗaga masa murya. "A saye ni? Ni? Yaro, tun kana tsumma nake kwance a cikin ƙarfen nan ina shaƙar hayaƙi don 'ya'yan mutane su nutse su taso lafiya. Mutanen da suka ɗauki mijina yana mutuwa suka sa masa farashi kamar buhun taki, su ba ku kira su bene ba. Masu karɓar kuɗina duk wata su gudu ranar biya, su amintattu ne. Ni ce abin tsoro!"

Ya rubuta, ya yi mata godiya, ya raka ta har ƙofa. Ta ce ladabin nan nasa ya fi komai ƙona mata rai, don ba inda za ta kama.

Abin da ya biyo baya shi ne farin katin da ake gulma. An dakatar da izininta, aka mai da ita bayan shinge tana walda kwandunan zuba tarkace. Kamfani ya ce zai riƙe ta a haka zuwa ƙarshen bazara. In izini bai dawo ba, ba su da gurbinta. In aiki ya tafi, inshora ta tafi. In inshora ta tafi, ƙwayoyin Alton na wata guda sun fi ƙarfin abin da ke gidan. Ta ce mini, "Kin ga yadda suka ɗaure abin? Ciwonsa ya jawo bashi, bashi zai cinye aiki, aikin kuma shi ke riƙe da ransa. Ko ni da nake walda ban taɓa haɗa zobe mai kyau haka ba."

Wakiliyar ƙungiyar ƙwadago, Renita Spruill, ita ta zaunar da ita a kantinmu bayan cin rana. Ina goge tebur ina ji.

"Mis Odessa, kina da damar zuwa gaban alƙalin da ke duba irin wannan. Amma sai kin yi abu biyu, kuma duka ba za su yi miki daɗi ba. Na farko, ki kira masu bashin ku shirya biya wata-wata."

"In biya ɓarayi?"

"Ki biya kina zaginsu, ba ruwan alƙali. Shaidar biya yake son gani."

"Na biyun fa?"

"Dole a nuna ba da niyyar yaudara kika ce a'a ba. In ke kaɗai kika faɗa, kowa ma haka yake cewa. Ana son wanda zai rantse cewa haka ake faɗa a yadin nan, kuma a gabansa aka gaya miki, ko shi ya gaya miki."

Odessa ta yi wata dariya marar daɗi. "Wannan ai mai sauƙi ne. Bas guda gare ni."

Na farkon ta yi shi. Ta kira su daga kicin ɗinta, Alton na zaune yana kallon ƙasa. Ya ce, "Dessa, da sun bar ni a dajin nan da duk ba a yi haka ba." Ta rufe bakin wayar da hannu ta ce, "Ka sake faɗar wannan, ni zan ƙarasa abin da zuciyarka ta fara." Sannan ta koma ta amince da biyan da, a lissafinta, ba zai ƙare ba sai tana cikin kabari.

Na biyun ne ya gagara. Da ta kawo maganar a bas, sai kowa ya zama mai barci. Wanda ya ce surukinsa ma haka aka yi, ya ce shi bai tuna ba. Wani ya ce ranar ba ya nan. Cleophus ya ƙara ƙarar rediyo. Aka yi mako ana tafiya kamar masu rakiyar gawa, ba ba'a, ba musun ƙwallo. Da yamma in za ta sauka takan tsaya a ƙofa ta ce, "Sai da safe, jarumai."

Dalilin bai ɓoyu ba. Wata mai fenti ta raɗa mini cewa ita ma tana da ambulan bashin asibiti na haihuwar jikanta da ba ta buɗe ba. Na bayanta yana da na ƙafarsa da aka yi wa aiki. Kusan duk mai izini a bas ɗin nan yana da tasa a ƙarƙashin wani abu, kuma duk a'a suka amsa. Wanda ya tsaya gaban alƙali ya ce haka muke faɗa, tambayar da za ta biyo baya a fili take: kai fa?

Ranar Asabar da rana ta ce in raka ta gidan Cleophus, don tana son a samu wanda ya ji. Muka same shi a tsakar gida yana wanke bas, ga kaskon tarwaɗa a kan wuta a gefe. Yana ganinmu ya saki tiyo.

"A'a, manyan baƙi! Ku zauna, kifi ya kusa."

"Ban zo cin kifi ba, Cleophus."

Bai saba jin sunansa a bakinta ba. Ya goge hannu a wando.

"Dessa, na san abin da ya kawo ki. Wallahi abin yana damuna. Mun ma yi magana da mutane, za a zagaya da hular kwano ranar albashi, kowa ya jefa abin da ya samu."

"Ku riƙe hularku. Na ce muku yunwa nake ji?"

"To me kike so in yi? Ni ba lauya ba ne. Hira ce kawai ta cikin mota."

"Hira? Da kake yanke hukunci kana leƙo ni ta madubi ba ka ce hira ba ce. Har kabarin ubana ka tono don in yi shiru. Na ce zan hau bene, ka sa aka yi mini ihu kamar na ce zan yi tsirara."

"Haka na ji, haka na faɗa! Haka aka gaya mini tun ina sabon zuwa. Ni na ƙirƙiro?"

"To ka je ka faɗi hakan. Shi ke nan abin da ake nema."

Ya waiwaya wajen gidan, inda matarsa ke kwance tun da aka fara ƙona mata ciwon daji a asibiti. Ya rage murya. "Kin san halin da Verlene ke ciki. Bashina ya fi naki, Dessa. Ya ninka. Saura mini kaɗan in yi ritaya. In na buɗe baki a can, katina zai zama fari kafin in iso gida. Sai mu zama biyu. Wa ya ci riba?"

Na ɗauka za ta sassauta. Ta kalli tagar ɗakin Verlene, kifi kuwa ya fara ƙauri. Da ta yi magana muryarta ta sauka, amma zafin yana nan.

"Kana tsammani ba za su zo kanka ba? Bincikenka na tafe. Rahoton da suka ajiye a gabana, irinsa na nan da sunanka. Bambancin kawai, ni an kama ni, kai kana da sauran damar hawa da ƙafarka. Renita ta ce wanda ya kai kansa kafin a kira shi, ana duba masa. Ban ce tabbas ba ne. Ni ba na rantsuwa a kan abin da ban sani ba, ba kamar wasu ba."

"Ba a hawa bene, Dessa."

"Wa ya ce? Wa ya kafa dokar? Mu muka kafa wa kanmu, muna ta gadinta kamar abin arziki, su kuwa masu jirgi da masu inshora suna can suna barci da munshari. Kullum kana ɗaukar mutum goma sha wani abu a motar nan kana gaya musu ƙarya da zuciya ɗaya. Yaran da suka shigo bana ma na ji kana gaya musu."

Ya sunkuya ya ɗauki tiyo, ya rasa abin da zai yi da shi, ya sake ajiyewa. Ruwa na ta malala ƙarƙashin takalminsa.

Odessa ta matsa kusa da shi har sai da ya ɗago.

"Ban taɓa roƙon kowa komai ba, kai shaida ne. Yau ina roƙo, kuma ina jin haushin kaina da nake yi. Ran Litinin ka hau benen nan ka faɗi naka, ni zan taka maka har ƙofa, duk yadi su kalla. Ranar zamana gaban alƙali kuma ka sa kwat ɗinka ta coci, ka zo ka ɗaga hannu gaban mutumin nan, ka gaya masa abin da ka gaya mini, yadda ka faɗe shi, kar ka rage ko kalma. Don Allah, Cleophus, ka zo."